Makarantar Cifu da 'Ya'yan 'Yan Mishan a Ƙasar Sin

A farkon shekarar 1881 aka buɗe wata 'yar ƙaramar makaranta a garin Cifu, wanda yake bakin teku a lardin Shandong na ƙasar Sin. Turawa suna rubuta sunan garin Chefoo, yau kuwa ana ce da shi Yantai. Malami ɗaya ne, W. L. Elliston, almajirai kuma uku, dukansu 'ya'yan wani ɗan mishan ne mai suna Charles Judd. Daga wannan ƙaramin mafari makarantar ta yi girma, har Turawa suka riƙa cewa daga Suwez zuwa gabas babu makarantar Ingilishi da ta kai ta. Ta ga annoba, ta ga 'yan fashin teku, ta ga yaƙi da kurkuku, ta yi ƙaura daga ƙasa zuwa ƙasa, ba a rufe reshenta na ƙarshe ba sai a 2001. Tarihinta yana nuna yadda ilimi irin na Ingila ya bi yara zuwa ƙasashen waje, da amfanin da ya yi musu, da kuma abin da ya ci musu.

Damuwar iyaye

A zamanin da Ingila take mulkin ƙasashe da yawa, duk Baturen da ya je aiki Indiya ko Sin ko Afirka yana da damuwa iri biyu game da 'ya'yansa. Ta fari ita ce ciwo, gama zazzaɓi da atuni da kwalara suna kashe ƙananan yara ƙwarai. Ta biyu ita ce karatu, domin yaron da bai ci jarrabawar Ingila ba, ba shi da hanyar shiga jami'a ko samun aikin kirki idan ya koma gida. Saboda haka al'ada ta zama da zarar yaro ya kai shekara biyar ko shida, sai a sa shi a jirgin ruwa a kai shi Ingila. Haka aka yi wa marubucin nan Rudyard Kipling, wanda aka ɗauke daga Indiya a 1871 aka ba wasu baƙi riƙonsa a garin Southsea.

Ƙungiyoyin mishan ma sun bi wannan hanya. A 1838 aka kafa makarantar Walthamstow Hall domin 'ya'yan 'yan mishan mata, a 1842 kuma aka kafa ta maza, wadda daga baya aka sa mata suna Eltham College. Amma Ingila da Sin ba kusa ba ne. Jirgin ruwan da ya kai Hudson Taylor da abokan aikinsa a 1866 ya tashi daga Landan a watan Mayu, bai isa Shanghai ba sai ƙarshen Satumba. Uwar da ta sallami yaro mai shekara shida takan sake ganinsa ne bayan ya zama saurayi, wani lokaci ma ba ta sake ganinsa har abada.

Hudson Taylor, wanda ya kafa ƙungiyar China Inland Mission a 1865 domin kai bishara can cikin ƙasar Sin, ya ɗanɗana wannan da kansa. 'Yarsa Grace ta rasu a 1867 tana da shekara takwas. A farkon 1870 shi da matarsa Maria suka yanke shawara su aika da manyan 'ya'yansu Ingila, amma kafin ranar tafiya ɗansu Samuel mai shekara biyar ya rasu. Sauran ukun suka tafi a watan Maris. A watan Yuli na wannan shekara jaririn da Maria ta haifa ya rasu, bayan 'yan kwanaki ita ma ta bi shi tana da shekara 33. Yaran da suka tafi Ingila ba su ƙara ganin mahaifiyarsu ba.

Yadda aka kafa ta

A 1879 Taylor ya sauka a Cifu yana fama da rashin lafiya. Iskar teku da sanyin wurin suka taimake shi ya murmure, sai ya ga ya kamata ƙungiyar ta sami gidan hutu a nan domin ma'aikatanta marasa lafiya. Aka sayi fili a bakin teku. Da yake katako yana da wuyar samu, sai aka sayi wani jirgin ruwa da ya farfashe a gaɓar, mai suna Christian, aka yi gini da katakonsa. Makaranta ta biyo bayan gidan hutun.

Akwai dalilin da ya sa wannan ƙungiya ta fi sauran bukatar makaranta tata. Ma'aikatanta ba su da tsayayyen albashi, ba su kuma roƙon kuɗi a wurin mutane, abin da ya shigo shi ake rabawa. Da yawansu talakawa ne tun daga gida, ba su iya biyan kuɗin makarantun kwana na Ingila. Suna kuma zaune a garuruwa masu nisa, inda babu wani Bature sai su. Sai aka tsara cewa ƙungiya ce za ta ɗauki nauyin karatun 'ya'yansu, malaman kuma su zama 'yan mishan kamar kowa, koyarwa ita ce aikin da aka kira su su yi. 'Yan kasuwa da ma'aikatan jakadanci da 'yan wasu mishan su ma suka riƙa kawo 'ya'yansu suna biyan kuɗi.

Da almajirai suka yi yawa, aka raba makarantar kashi uku, wato ta ƙananan yara, da ta maza, da ta mata. Sai a 1934 aka haɗa maza da mata suna karatu a aji ɗaya.

Ingila a bakin tekun Sin

Wanda ya shiga harabar Cifu sai ya ce a Ingila yake. Ana koyar da Ingilishi da Latin da Faransanci da lissafi da kimiyya da tarihin Ingila, Littafi Mai Tsarki kuma yana kan gaba, da addu'a safe da yamma. An raba yara maza gida gida, kowane gida da sunan wani shahararren ɗan mishan, kamar Carey da Livingstone da Paton, suna gasa da juna a wasan kurket da ƙwallon ƙafa da iyo da tseren kwalekwale. Manyan almajirai su ne masu lura da ƙanana, bulala kuwa ba a rasa ta ba.

Ginshiƙin tsarin duka shi ne jarrabawar Jami'ar Oxford. Tun 1858 jami'o'in Oxford da Cambridge suka fara shirya jarrabawa domin yaran da ba ɗalibansu ba, daga baya suka yarda a riƙa yin ta a ƙasashen waje. Ana aiko da takardun tambayoyi ta jirgin ruwa a rufe da hatimi, a buɗe su ranar da aka ƙayyade, yara su rubuta, a mayar da amsoshin Ingila a duba. Ta haka yaron da aka haifa a wani ƙauye na yammacin Sin yakan sami takardar shaida daidai da ta yaron Landan. Dattawan Nijeriya da Gana da suka yi sakandare a zamanin Turawa sun san wannan tsari, gama jarrabawar Cambridge suka yi, kafin hukumar WAEC da aka kafa a 1952 ta karɓi aikin.

Makarantar ta yaye mutanen da suka yi suna. Henry Luce, wanda ya kafa mujallar Time a Amurka a 1923, a nan ya yi karatu, haka kuma Thornton Wilder, marubucin wasan kwaikwayo. Da yawa daga cikin almajiran sun zama likitoci da malaman jami'a, wasu kuma sun koma aikin bishara irin na iyayensu.

Amma akwai abin da aka bari a baya. Ba a ɗaukar 'ya'yan mutanen Sin, harshen Sin kuma ba shi da wani matsayi a aji. Yaro yakan zo yana da shekara shida yana jin Sinanci kamar ɗan gari, domin da shi yake magana da mai renonsa da abokan wasansa, bayan 'yan shekaru sai ya manta. Iyaye sun sa tufafin mutanen Sin, sun koyi harshensu domin su kusace su, 'ya'yansu kuwa ana renonsu a bayan katanga domin su zama Turawan Ingila. Ga kuma rabuwa. Babban hutu da hunturu ake yi, waɗanda iyayensu suke kusa da teku sukan je gida, amma waɗanda iyayensu suke lardunan Gansu ko Yunnan, inda tafiya take cin makonni a kan alfadari da kwalekwale, sukan yi shekaru ba su ga gida ba. Nisan ya ragu idan aka gwada da Ingila, amma ga yaro mai shekara shida rabuwa rabuwa ce.

Shekarun wahala

A 1900 aka yi tawayen da Turawa suke kira na Boxer, inda aka kashe baƙi da dubban Kiristocin Sin. China Inland Mission ta rasa ma'aikata 58 da yara 21, fiye da kowace ƙungiyar mishan. Tashin hankalin bai taɓa makarantar ba, amma akwai yaran da suna aji labari ya iske su cewa sun zama marayu. Wannan ya ƙara wa iyaye tabbacin cewa Cifu ta fi cikin ƙasa aminci. Sai ga shi a 1902 yara maza 13 sun mutu cikin 'yan kwanaki bayan wani abinci da suka ci a makarantar a lokacin zafi.

A farkon 1935 yara wajen 70 suna komawa makaranta daga Shanghai cikin jirgin ruwa mai suna Tungchow, sai 'yan fashi da suka shiga kamar fasinjoji suka ƙwace jirgin. Suka juya shi kudu, suka sāke masa fenti da suna domin kada a gane shi. Bayan 'yan kwanaki jiragen sama na sojan ruwan Ingila suka gano shi kusa da Hong Kong, 'yan fashin suka gudu, yaran duka suka tsira.

Makaranta a kurkuku

Japan ta shiga yaƙi da Sin a 1937, sojojinta suka kama Cifu a 1938. Da farko ba su taɓa Turawa ba. Amma a watan Disamba na 1941, da Japan ta kai wa Amurka hari a Pearl Harbor, mutanen Ingila da Amurka suka zama abokan gaba. Aka kama shugaban makarantar, P. A. Bruce, aka tsare shi na wani lokaci. A watan Nuwamba na 1942 sojoji suka ƙwace gine-ginen, aka kora malamai da yara zuwa wasu gidajen mishan a unguwar Temple Hill, aka cusa su a ciki. A watan Satumba na 1943 aka kwashe su zuwa sansanin Weihsien, a garin da yanzu ake kira Weifang.

Weihsien tsohuwar tashar mishan ce ta Amurkawa, tsawonta bai wuce yadi 200 ba, aka kewaye ta da waya mai lantarki, aka tara mutane wajen 1,500 a ciki. Akwai 'yan kasuwa da limaman Katolika da mawaƙa da tsofaffi, har da Herbert, babban ɗan Hudson Taylor, wanda ya haura shekara 80. Abinci ya yi ƙaranci. Sau da yawa dafaffiyar dawa ake ci da safe, irin dawar nan da aka sani a ƙasar Hausa, gama ana noma ta a arewacin Sin. Ana daka ɓawon ƙwai a ba yara cokali cokali domin ƙasusuwansu da haƙoransu. Da hunturu yara sukan cuɗa garin kwal da laka su dunƙula, shi ne makamashinsu.

Malaman Cifu suka ƙudura cewa makaranta ba za ta tsaya ba. Babu benci, sai yara su zauna a kan akwatunansu ko a gindin itace. Babu takarda, sai a rubuta da fensir a goge a sāke rubutawa har takardar ta huje. Kowane yaro sai ya gyara shimfiɗarsa, ya share wurinsa, ya zauna a miƙe wurin cin abinci ko da abin da ke cikin kwanon bai taka kara ya karya ba. Aka mai da kama ɓeraye da ƙudaje da kuɗin cizo gasa, har da kyauta ga wanda ya fi. Waɗanda suka yi wannan zama suna yara sun shaida daga baya cewa wannan tsari ne ya hana tsoro ya cinye su, ko da yake malaman da kansu suna cikin fargabar abin da sojoji za su yi idan Japan ta ga za ta sha kashi.

Har jarrabawar Oxford ba a fasa ba. Da yake babu hanyar samun takardu daga Ingila, malamai suka shirya tambayoyi bisa ga na shekarun baya, manyan almajirai suka rubuta cikin dokokin da aka saba, aka adana amsoshin. Bayan yaƙi aka kai su Oxford, jami'ar kuma ta karɓa ta ba da takardun shaida.

A sansanin nan ne yaran suka san Eric Liddell, mutumin Sikotilan da ya ci lambar zinariya a tseren mita 400 a wasannin Olamfik na birnin Faris a 1924, bayan ya ƙi yin tseren mita 100 domin an sa zagayen farko ranar Lahadi. Shi ma ɗan 'yan mishan ne, a Sin aka haife shi a 1902, aka bar shi a makarantar 'ya'yan 'yan mishan ta Landan yana da shekara shida. Ya san ciwon da yaran nan suke ji. Ba malamin Cifu ba ne, amma ya riƙa koyar da kimiyya da lissafi, yana shirya wa samari wasanni, yana gyara sandunan wasa da suka karye, yara suna kiransa Kawu Eric. Tun 1941 ya aika da matarsa mai ciki da 'ya'yansa mata biyu Kanada, bai kuwa taɓa ganin ta ukun ba. Ya rasu a sansanin ranar 21 ga Fabrairu, 1945, da ciwon ƙari a ƙwaƙwalwa, yana da shekara 43.

Ranar 17 ga Agusta, 1945, mutum bakwai suka diro da lema daga wani jirgin saman Amurka a gonakin da ke bayan katanga, mutane suka ɓalle ƙofa suka ruga tarye su. Cikin yaran da aka 'yantar akwai tattaɓa kunnen Hudson Taylor guda huɗu, waɗanda suka yi shekara biyar da rabi ba su ga iyayensu ba. Ɗaya daga cikinsu, James Hudson Taylor na Uku, shi ne ya zama shugaban ƙungiyar daga 1980 zuwa 1991.

Ƙaura da rufewa

Makarantar ba ta ƙara komawa Cifu ba, daga baya ma filin ya koma hannun sojan ruwa na Sin. Amma sunan ya bi ta. Tun ana cikin yaƙi an buɗe wani ƙaramin reshe a lardin Sichuan, wanda aka kwashe zuwa Kalimpong a Indiya a 1944. Bayan yaƙi aka zauna a Shanghai, sa'an nan aka hau dutsen Kuling. 'Yan Kwaminis suka karɓi mulki a 1949, a 1951 kuma 'yan mishan suka fara ficewa daga Sin, makarantar ta tashi tare da su. Ƙungiyar ta sāke suna zuwa Overseas Missionary Fellowship, ta mai da hedkwatarta Singafo, ta buɗe ƙananan makarantu masu sunan Cifu a Japan da Filifin da Maleshiya. Ta Maleshiya, a kan tsaunukan Cameron, ita ce ta ƙarshe, aka rufe ta a 2001. Jirgin sama ya rage nisa, makarantun jeka-ka-dawo sun yawaita a manyan birane, iyaye kuma sun daina yarda su rabu da yaro mai shekara shida.

A Afirka ta Yamma

Damuwar da ta haifi Cifu ita ce ta haifi makamantanta a wannan yanki, su ma yawanci a wurare masu sanyi aka kafa su. A 1942 mishan na Church of the Brethren ya buɗe Hillcrest a Jos, bayan 'yan shekaru SIM ta buɗe Kent Academy a Miango, a 1986 kuma aka buɗe Sahel Academy a Yamai. Hillcrest tsarin Amurka take bi, tana kuma karɓar 'ya'yan ƙasa.

Daga cikin yaran irin waɗannan makarantu ne aka sami waɗanda suka fara faɗin abin da rabuwa take yi wa yaro. Ruth Van Reken, wadda aka haifa a Kano a 1945, aka kai ta makarantar kwana tana da shekara shida, ta haɗu da David Pollock suka wallafa littafin Third Culture Kids a 1999. Littafin yana bayani a kan yaron da ya tashi tsakanin al'adar iyayensa da ta ƙasar da yake zaune, ya san duka biyu, amma ba ya jin ɗayansu gida ne sosai. Wasu tsofaffin almajirai kuma sun tona abin da ya fi kewa muni. A ƙarshen shekarun 1990 binciken da aka yi a kan makarantar 'ya'yan 'yan mishan ta Mamou a ƙasar Gini ya tabbatar da cewa an ci zalin yara a can, ƙungiyar da take da makarantar kuma ta nemi gafara a 1999.

Abin da ya rage

Ilimi irin na Ingila a ƙasashen waje bai mutu ba, sai dai ya sāke hannu. A 1988 Cambridge ta fara jarrabawar IGCSE musamman domin makarantun ƙasashen waje. Tsofaffin makarantun Ingila suka fara buɗe rassa, Harrow a Bangkok a 1998, Dulwich a Shanghai a 2003, Charterhouse a Legas a 2024. Abin da aka fara domin 'ya'yan talakawan 'yan mishan ya zama kasuwa mai tsada, a ƙasashe da yawa kuma 'ya'yan masu hali na ƙasar su ne suka fi yawa a aji. Dā yaron Bature ne yake manta Sinanci a bakin tekun Sin, yau ɗan ƙasa ne yake iya manta harshen kakarsa yana zaune a garinsu.

A Weifang an mai da wani sashe na tsohon sansanin gidan tarihi, akwai kuma dutsen tunawa da Liddell wanda Jami'ar Edinburgh ta kafa a 1991. Tambayar da ta dami Hudson Taylor da Maria a 1870 kuwa tana nan. Mai bishara da aka tura ƙauyen da babu makaranta, da ɗan kasuwa ko ma'aikacin da aiki ya kai wata ƙasa mai wani harshe, kowannensu sai ya zaɓa ko ya riƙe yaro kusa da shi ya rasa karatu, ko ya aika da shi nesa ya rasa reno. Cifu ta nuna cewa malamai masu aminci suna iya riƙe yara da karatunsu har a cikin kurkuku. Ta kuma nuna cewa takardar Oxford ba ta mayar wa yaro shekarun da ya yi ba tare da uwarsa ba. Ikilisiyar da take aika ma'aikata nesa, wajibi ne ta sa 'ya'yansu cikin lissafi tun kafin a ɗaure kaya.